Rage Shara, Hayaƙi da Ɓarnar Ruwa: Jagora ga Gidajen Garin Bauchi

Abu uku ne ke fita daga kowane gida a garin Bauchi kowace rana ta Allah: shara, ruwan wanke-wanke da hayaƙi. Dukansu da kuɗi aka sayo su. Ɓawon doya da ganyen kabejin da aka watsar a bola an biya kuɗinsu a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, ruwan da ya bi kwata an biya ɗan garuwa kafin ya sauke shi, hayaƙin da ya turnuƙe tsakar gida kuwa itace ne da bai ci da kyau ba. Su ukun nan ne kuma ke juyowa su zame mana ciwo: bola ta tara ɓera da ƙuda, kwata ta tara sauro, hayaƙi ya shiga ƙirjin uwargida da na jaririn da ke goye a bayanta.

Gyaran ba ya buƙatar sayen wani babban abu, amma yana buƙatar tsari. Kada a ɗauko komai rana ɗaya. A fara da raba shara, domin sauran ayyukan a kanta suke tsaye. Idan mutanen gida sun saba, bayan mako biyu ko uku, sai a ƙara na gaba.

Bokiti biyu a kicin, buhu ɗaya a zaure

A samu bokiti biyu masu murfi, na lita 10 ya isa. Na farko na abin da ke ruɓewa ne kuma bai taɓa wuta ba: ɓawon doya, dankali, albasa, ayaba da lemo, ragowar ganyen miya, tumatirin da ya lalace, ɓawon ƙwai da aka murƙushe, ganyen shayi. Na biyu na abin da ba ya ruɓewa: leda, takardar magi, kunzugun yara na zamani, fasasshen tangaran. Buhun da ke zaure kuma na abin sayarwa ne, wato gwangwani, gorar roba, tsofaffin silifas, ƙarfe da dalma, waɗanda 'yan gwangwan ke saya ko su yi musaya.

Ragowar dafaffen abinci ba ta shiga ko ɗaya. Tuwo da shinkafa na kaji ne da awaki, ko na maƙwabcin da ke kiwo, kuma a ba su tun da rana, kada su kwana a buɗe.

Inda abin ke lalacewa a yawancin gidaje wuri ɗaya ne: ba a ɗora wa kowa aikin ba. Maigida ya kawo bokiti, uwargida ta fara, yaran da ke shara kuma su haɗe komai kamar yadda suka saba. A bambanta launin bokitan, a nuna wa mai shara da hannu, sannan a ɗora wa yaro ɗaya alhakin kai bokitin farko ramin taki kullum bayan la'asar. A lokacin zafin Maris da Afrilu, ɓawon da ya kwana biyu a rufe zai yi tsami ya fara tsutsa, daga nan kuma sai uwargida ta ce a fitar mata da shi, aikin ya mutu.

Ramin taki

Nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin mutane da yawa sun ɗauka tara shara a lungu shi ne yin taki. Wannan juji ne. Taki sai an haɗa abu huɗu daidai: busasshen abu, ɗanyen abu, danshi da iska. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke cinye kayan, kuma idan ɗaya daga cikin huɗun ya gaza, sai su tsaya ko su yi wari.

A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da rijiya, kuma ba a saman gangaren da ruwa zai bi ya gangara cikinta ba. Da rani a haƙa rami mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin kamar rabin mita, saboda rami na riƙe danshi lokacin da iskar hunturu ke busar da komai. Da damina kuwa, musamman watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi, rami zai cika ya zama taɓo, don haka a tara a bisa ƙasa, a rufe da tsohon kwano ko buhu. Wanda gidansa siminti ne ko'ina, ya samu tsohon durom, ya huda gindinsa da gefensa da ƙusa mai kauri, tazarar kamar tafin hannu tsakanin huda da huda, ya ɗora shi kan bulo biyu.

Ga yadda ake jerawa. A ƙasa a shimfiɗa karan dawa ko na masara da aka sassara, kaurin kamar santimita 10, don iska ta samu hanya. A bisansa a zuba busasshen abu: ganyen dogon yaro ko na mangwaro da aka share, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa, yagaggen kwali. Sai ɗanyen abu daga bokitin kicin. Sai kashin awaki, tumaki ko kaji, ɗan kaɗan, a barbaɗa ƙasa cikin tafin hannu biyu, a yayyafa ruwa. Ma'aunin da ba ya ba da kunya shi ne bokiti biyu zuwa uku na busasshe ga bokiti ɗaya na ɗanye. Duk ranar da aka zuba na kicin, a rufe shi da busasshe nan take. Saboda haka a ajiye buhun busasshen ganye a gefen ramin. Ganyen da ake tarawa a ƙona kowace safiya da hunturu shi ne kayan aikin.

Danshi kuma a gwada shi da hannu. A dumtsi kayan daga tsakiya a matse. Idan ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. Idan aka buɗe hannu ya warwatse, ya bushe. Daidai shi ne ya dunƙule, ya bar laima a tafin hannu, ɗigo ɗaya ko biyu kawai ya fito.

A soka sanda mai tsawo har tsakiyar tarin a bar ta a ciki. Bayan kwana uku zuwa biyar a zaro ta a taɓa. Idan ta fito da ɗumi sosai da laima, aiki na tafiya. Tari mai kyau kan kai zafin digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta masu yawa. Da sanyin safiya ma za a ga tururi na tashi idan aka buɗe. Idan sandar ta fito da sanyi a bushe, ruwa ake nema. Idan ta fito da wani farin abu kamar gari, tsakiyar ta bushe da zafi, a juya a jiƙa. Idan ta fito baƙa tana yauƙi, ruwa ya yi yawa. Ƙaramin tari da na durom ba sa yin zafi haka, kuma ba laifi ba ne, sai dai su fi jimawa.

Duk kwana 10 zuwa 14 a juya da shebur, na gefe ya koma tsakiya, na ƙasa ya dawo sama. A zafin garin nan, tarin da ake juyawa kan nuna cikin wata biyu zuwa uku. Alamarsa: ya yi baƙi-baƙi, ya yi laushi, ba a gane ɓawon me ne, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, kuma ya daina ɗumi ko an juya. Wanda bai nuna ba idan aka zuba wa shuka, ganye zai yi rawaya, domin ruɓewar da ba ta ƙare ba tana janye abincin da shukar ke buƙata. Shi ya sa rami biyu ya fi: ɗaya na cika, ɗaya na nuna.

Matsalolin da aka fi gani kaɗan ne. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya toshe iska, a ƙara busasshe a juya. Wari mai hawa kai irin na fitsari na nufin ɗanyen abu ko kashin kaji ya yi yawa, maganinsa ma busasshe ne. Tururuwa da gara na shiga ne idan ya bushe. Ƙuda kuwa shaida ce cewa an zuba ba a rufe ba. Toka tana da amfani, amma tafin hannu ɗaya a shimfiɗa ya isa. Idan aka juye tokar murhu gaba ɗaya, sinadarin da ke sa ganye kore zai tsere ya bi iska. Ba a zuba nama, ƙashi, mai, kashin kare ko na kyanwa, ko ruwan omo.

Hanin nama da tuwo ba tsanani ba ne. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamari a Nijeriya, tare da Ondo da Edo, kuma ya fi yawa da rani. Ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa idan suka taɓa abinci. Ramin da ake zuba wa ragowar miya gidan ɓera ne. Don haka ma hatsi da gari su koma cikin durom ko roba mai murfi, kwanukan dare a wanke su kafin a kwanta, kuma a daina shanyar abinci a ƙasa a bakin hanya.

Leda

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai saba kai. A rataye jakar cefane ko ƙaramin buhu a jikin mashin ko bayan ƙofa inda za a gani lokacin fita. Yaron da aka aika sayen masa, koko ko ƙosai ya tafi da kula ko kwano mai murfi. Abinci mai zafi da maiƙo ba ya dacewa da leda, kuma masa a kwano ba ta yin gumi ta saki. Alale a dafa shi a ƙananan kofunan ƙarfe da aka shafa wa mai. Ledar ruwan sanyi kuwa a tara ta a buhu daban: tana yin kyau wajen renon dashe idan aka yanke bakinta aka huda gindinta.

Abu biyu ne ba a yi da leda ko kaɗan. Ba a jefa ta a lambatu, domin ita ce ke riƙe yashi har ruwan sama ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. Ba a kuma ƙona ta, balle a hura gawayi da ita kamar yadda ake yi a gidaje da yawa. Baƙin hayaƙin nan guba ne, kuma fuskar mai hurawa ce ta fi kusa da shi. Totuwar masara, ƙirare da ɓawon gyaɗa na kama wuta da sauri. Abin da ya rage a bokiti na biyu a ɗaure shi a kai inda hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi, wato BASEPA, ke kwashewa.

Murhu da hayaƙi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a duniya, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun bayan cire tallafin mai a 2023, da tsadar rayuwa ta ƙaru, gidaje da dama da ke girki da gas sun koma gawayi da itace. Tunda haka ne, gara a koyi yadda za a ƙona kaɗan.

Itace sai busasshe. Ɗanye yana kashe wani ɓangare na ƙarfinsa wajen ƙone ruwan da ke jikinsa, shi ne hayaƙin da ke sa hawaye. A faskara shi ƙanana, a jingine shi a rana, da damina kuma a ɗaga shi daga ƙasa a rufe samansa. A murhu, itace uku sirara da ake turawa a hankali sun fi guda shida da aka cusa lokaci ɗaya, domin wuta na buƙatar iska a tsakaninsu. Harshen wutar da ya fito gefen tukunya yana lasar iska, asara ce. Kowace tukunya da murfinta. Kuma da an sauke, a zare itacen a kashe a yashi, gawayin da ya rage a rufe shi a tsohuwar tukunya ya mutu, gobe ya yi aiki.

Murhun duwatsu uku yana barin mafi yawan zafi ya tsere ta gefe. Ana gyara shi da laka. A kwaɓa kwano biyu na jar ƙasa ko ƙasar suri da kwano ɗaya na yashi da ɗan yankakken ciyawa, a bar kwaɓin ya kwana biyu a rufe. A gina katanga kewaye da duwatsun, kaurin tafin hannu, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace, tana kallon inda iska ke fitowa. Daga ƙasa zuwa gindin tukunya ya zama santimita 15 zuwa 20. Katangar ta hau har rabin cikin tukunyar, amma a bar tazarar kaurin yatsa a kewaye don hayaƙi ya fita yana shafar jikinta. Idan aka liƙe, wuta za ta shaƙe. Da tukunyar da aka fi girki da ita ake auna ginin. A bar shi ya bushe a inuwa mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya yi gaggawar hura wuta zai ga ya tsattsage. Ƙananan tsagu kuma ba komai, a shafe su da laka duk sati.

Akwai wata dabara da ba ta yaɗu ba, alhali tana rage itace sosai: bar wa zafin tukunya ya ƙarasa girkin. A samu babban kwando ko kwali, a shimfiɗe shi da tsohon bargo ko tsummokara masu kauri, a tanadi matashi na rufe sama. Wake a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai minti 15 zuwa 20, a sauke ba tare da buɗe murfin ba, a sa a kwandon a lulluɓe ko'ina. Bayan awa uku zuwa huɗu ya yi laushi, kuma ba sai an zuba kanwa da yawa ba, wadda ke lalata wasu sinadaran amfani na waken. Shinkafa tafasar minti biyar, sai kamar awa ɗaya a kwando, a kuma rage mata ruwa kaɗan tunda ba ya ƙonewa. Sharuɗɗan su ne tukunyar ta kusa cika, murfin ya zauna daram, kuma kada a riƙa leƙawa. Idan ya wuce awa biyar ko aka tarar ya huce, a sake tafasa shi kafin a ci, musamman mai nama. Tuwo ba ya yiwuwa haka, shi sai an tuƙa.

Girki a yi shi a fili ko a kicin mai taga biyu da ke kallon juna, jariri kuma a ba wani ya riƙe a nesa. Da sanyin Disamba da Janairu kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, haka janareta kada ya kwana a zaure ko kusa da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, mutum kan yi barci ne ya wuce. Masu gas su shafa ruwan kumfa a tiyo da mahaɗarsa. Inda ya yi ƙwai-ƙwai, nan ke yoyo.

Ruwa: na sha da na zubarwa

Ko daga madatsar Gubi ya zo ta famfo, ko daga rijiya ko kurar ɗan garuwa, ruwa kan gurɓace a cikin gida, lokacin da hannu da kofi ke shiga randa. A ware moɗa mai dogon hannu, a rataye ta a ƙusa, ba a sha da ita, ana ɗiba ne a zuba a kofi. Randa a wanke ta duk mako. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke tashi, irin wanda ya addabi jihar nan a 2021, ruwan da ba a yarda da shi ba a tace shi da farin ƙyalle, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. Mai amfani da maganin ruwa na kemis ya bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, ya jira minti 30. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya cika gorar roba fara tas, wadda ba ta wuce lita biyu ba, ya kwantar da ita a bisa kwanon rufi awa shida a rana mai ƙarfi, kwana biyu idan da hadari ko hazo. Wannan ba ya aiki a ruwa mai laka.

Ruwan zubarwa kuma kashi biyu ne. Na alwala, na wanke shinkafa da kayan miya, mai tsabta ne ga shuka: a ajiye baho a wurin alwala a riƙa tarawa. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, wanda bai kai lita ba, don haka buta ta fi sakin famfo. Ruwan wanki mai omo a kai shi gindin manyan itatuwa ko a wanke ban-ɗaki da shi, kada ya taɓa ganyen da za a ci, kuma mai bilic a cikinsa kada ya je wurin shuka sam. Kowanne a yi amfani da shi a ranar, idan ya kwana zai yi wari. Famfon da ke ɗiga a tara masa bokiti dare ɗaya, abin da aka gani da safe zai sa a nemo mai gyara. Galibi 'yar robar ciki ce ta cinye.

Ruwan sama lissafinsa mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin ɗaki biyu mai murabba'in mita 50, a ruwan milimita 20, zai ba da kusan lita 1,000, wato durom biyar. A bar na farkon ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, sannan a tara. Bakin durom a ɗaure shi da yankin tsohon gidan sauro, domin a lokacin zafi ƙwan sauro kan zama sauro cikin kwana bakwai zuwa goma. Saboda wannan ne ma ya kamata duk ranar Asabar a zagaya gida a kifar da tsohuwar taya, gwangwani da kaskon kaji.

Inda takin da ruwan za su

Buhun taki ko na shinkafa mai cin kilo 50 ya isa lambu. A huda gindinsa wuri shida zuwa takwas, a naɗe bakinsa ya dawo rabi, a cika da kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki, kashi ɗaya yashi. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, a gauraya shi da yashi kafin a barbaɗa, in ba haka ba zai fito a cunkushe ya yi sirara. Cikin mako uku zuwa huɗu ana fara yanka, kuma idan aka yanke sama aka bar gindi zai sake tohowa. Rama, yakuwa da lalo duk haka. A ba su ruwa da safe ko da yamma, a rufe saman ƙasar da busasshen ganye. Zogale ya fi son ƙasa: a dasa reshe mai tsawon mita ɗaya, kashi ɗaya cikin uku a binne, a farkon damina. Idan ya kai ƙirjin mutum a datse kansa, in ba haka ba zai miƙe sama ganyen ya fi ƙarfin hannu. Gidan da ke da akuya ya fara yin shinge kafin ya yi shuka.

Saura 'yan abubuwan da ba su da wuri a bokiti ko rami. Batirin sola ko na mota akwai dalma da ruwan batir a cikinsa, a mayar wa masu sayarwa a yi musaya, kada a fasa shi a gida. Ƙananan batiran tocila a tara su a kwalba mai murfi inda yara ba sa kaiwa, kada a jefa su a wuta. Jarkar maganin feshi na gona ba ta komawa ta ruwan sha ko ta man gyaɗa komai wankin da aka yi mata; a ɗauraye ta sau uku, a juye ɗaurayen a cikin injin feshi, sannan a huda gindinta don kada wani ya tsinta ya zuba abin ci.